Likita ya ce a rage gishiri, sai aka ƙara dunƙule

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan gishiri da hawan jini, domin na lura shawarar da ake ba mutanenmu a asibiti rabinta kawai take isa gida.

Mutum zai je asibiti a auna shi a ga jininsa ya haura 140 bisa 90, likita ya rubuta magani ya ce Alhaji a rage gishiri. Ya dawo gida ya faɗa wa uwargida, ita kuma baiwar Allah sai ta ɗauke robar gishiri ta ajiye can nesa, amma da yake miya ba ta ciwuwa lami sai ta ƙara dunƙule biyu a kan waɗanda ta saba sakawa, ta barbaɗa farin magi, in miyar kuka ce ko kuɓewa a jiƙa kanwa a zuba, sannan a kawo yaji a gefe wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Bayan wata guda a koma asibiti jini yana nan inda yake, sai a fara cewa ai maganin ne jabu, ko kuma tunani ne ya yi wa Alhaji yawa. Alhali kuwa gishirin bai je ko'ina ba, riga kawai ya canza.

Abin da yake tayar da jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, kuma shi ɗin ne dai a cikin dunƙule, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne zalla. Yana cikin farin magi, duk da bai kai na gishiri yawa ba, yana cikin kanwa, yana cikin bakar hoda da ake sa wa cincin da kek. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan lissafin ya haɗa da komai da komai tun daga karin kumallo har tsiren dare. Ita dai hukumar a rahotonta na 2023 ta ce abin da mutanen duniya suke ci ya kai kusan giram 11 a yini, ninki biyu har da ɗoriya, kuma tana danganta mutuwar mutum kusan miliyan 1.9 duk shekara da yawan cin sodiyam. Yanzu a lissafa mana namu. Biredi da safe da taliyar yara wadda aka juye mata ƙullin sinadarinta gaba ɗaya, da rana garau-garau ko ɗanwake da yaji, da dare tuwo da miyar da ta sha dunƙule biyar, in an fita majalisa kuma ga balangu ga kilishi ga gyaɗa mai gishiri. Wallahi kafin azahar wani ya riga ya cinye rabonsa na yini.

Yadda yake ɓarna kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, in ya yi yawa ƙoda ta kasa fitar da shi duka sai ruwan da ke cikin jijiyoyin jini ya ƙaru, zuciya ta dinga turawa da ƙarfi dare da rana, a hankali naman zuciyar ya yi kauri ya gaji, jijiyoyin su yi tauri. Wata rana wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe, sai a ce wane ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, wasu har su ce aljanu ne suka shafe shi. Wani kuma ƙodar ce za ta lalace a shiga zaryar wankin ƙoda, wanda duk mai ɗan'uwa a wannan hali ya san gida da gona yake cinyewa. Mai ciwon suga abin ya fi yi masa muni, don suga da hawan jini in suka haɗu ƙoda da ido suke fara taɓawa, ga shi abinci mai gishiri ƙishirwa yake sa wa, mu kuma yanzu in ƙishirwa ta zo lemon kwalba ake buɗewa. Kuma likitoci sun daɗe da lura cewa mu baƙaƙen fata jininmu ya fi saurin hawa da gishiri a kan na Turawa. A Najeriya ana ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, da yawa ba su ma san suna da shi ba saboda ba ya ciwo sai ya gama aikinsa.

Maganar kanwa ina so in ɗan tsaya a kanta saboda iyayenmu mata. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka rubuta cewa suna ganin mata masu jego da yawa da zuciyarsu ta kasa aiki, ƙafa ta kumbura numfashi ya gagara, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Daga baya binciken likitocin zuciya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan ma, irin su ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki, to ba zan ɗora wa kanwa laifin duka ba. Amma dai macen da ta haihu da jininta a sama, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, a zo kuma a dinga ɗura mata kunun kanwa kwana arba'in da sunan ƙarfin jiki da ruwan nono, ni a ganina wannan ganganci ne, kuma ya kamata ungozomomi da kakanni su ji wannan daga bakin ma'aikatan awo.

Wasu ƙasashen sun gwada sun ga amfani. A Ingila daga 2003 zuwa 2011 gishirin da mutum yake ci a yini ya sauka daga giram 9.5 zuwa 8.1, saboda gwamnati ta matsa wa kamfanonin abinci su dinga ragewa kaɗan kaɗan, mutane ba su ma lura ba. Afirka ta Kudu doka ta yi wadda ta fara aiki a 2016, ta ƙayyade sodiyam ɗin biredi da miyar leda har da dunƙule. Sai dai su Turawa yawancin gishirinsu daga masana'anta yake zuwa, mu kuwa namu a tukunya yake shiga, shi ya sa abin da aka yi a ƙauyukan Sin ya fi kama da halinmu. A can an bi mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600 na kimanin shekara biyar, aka ba rabinsu gishirin da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu aka maye da sinadarin fotasiyam, da sakamakon ya fito a 2021 shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a cikinsu, mutuwa ta ragu da kashi 12. Amma fa irin wannan gishirin mai ciwon ƙoda kada ya kusance shi sai da izinin likita. Shi fotasiyam ɗin ma ai muna da shi a wake da zogale da alayyahu da dankali da ayaba.

Na san za a ce mu a nan zafi ne, gumi muke yi, dole mu ci gishiri. Wanda ya yini yana noma ko dako a rana da gaskiyarsa, amma mai zama a shago ƙarƙashin fanka wane gumi yake yi? Kuma kada a fahimce ni a baibai, ba cewa na yi a daina gishiri kwata-kwata ba. Ɗan abin da za a saka ya zama mai aidin, wanda tun 1993 aka wajabta a Najeriya don maganin maƙoƙo, haka nan ruwan gishiri da suga na yaro mai gudawa yana nan daram, ceton rai yake yi.

Mu maza kuma laifinmu ba kaɗan ba ne. Mace ba don kanta take zabga dunƙule ba, tsoron gori take yi, kada a ce ba ta iya girki ba ko a ce na kishiya ya fi daɗi. In maigida ya yi haƙuri a dinga ragewa a hankali, cikin 'yan makonni harshe yake sabawa, har ya zo yana jin abincin biki ya yi masa gishiri. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da bushasshen kifi, da su kakanninmu suka yi miya kafin a san wani abu dunƙule.

Roƙona ga hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC shi ne ta sa kamfanoni su rubuta yawan gishirin da ke cikin dunƙule da taliyar yara ɓaro-ɓaro a gaban leda, da Hausa kuma da ma'aunin cokali, don wannan miligiram ɗin da ake rubutawa da ƙananan haruffa a baya ba mai karantawa. Likitoci da nas-nas kuma in za su ce a rage gishiri su ambaci dunƙule da kanwa da yaji da sunansu, in da hali ma su ce maigida ya zo da mai yi masa girkin. Ku kuma Malam Edita, ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya, da za ku tura wakilinku asibiti ya zauna da likitan zuciya ku ba mu shafi guda a kan wannan, da kun kyauta.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya