A riƙa tambayar awa nawa ake ɓatawa a bakin iyaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan ana fama lafiya.

Na saurari shirinku na makon jiya kan tafiya tsakanin biranen ƙasashe maƙwabta, inda baƙinku suka yi ta ja-in-ja kan jirgin ƙasa da bas, wanne ya fi. An yi maganar tsawon layin dogo, an yi ta gudun jirgi, har laushin kujera sai da aka taɓo. Na kasa kunne har aka rufe shirin, ban ji wanda ya ambaci inda tafiyar ke tsayawa cik ba, wato bakin iyaka. Aikina ya sa na shafe shekaru ina tsallaka iyakoki, don haka ka yi mini haƙuri in ɗan yi tsawo.

Akwai wata tafiya da ba na mantawa. A jikin tikiti an rubuta awa tara. Mun iso iyaka da la'asar sakaliya, yaron mota ya ce kowa ya sauka da kayansa. Muka bi layin hatimin fita, muka taka gada da ƙafa, jaka a ka, muka sake bin layin hatimin shiga, sannan na kwastan, inda aka zazzage komai a kan benci. A teburin lafiya ne aka tsayar da wata dattijuwa. Jami'in ya juya katin rigakafinta na cutar shawara, ya ce ai ya haura shekara goma, ya mutu. Na matsa na ce masa, ranka ya daɗe, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, katin ba ya mutuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, naka katin aka tambaya?" Na ja bakina na yi shiru. Baiwar Allah ta zauna a kan ƙullin kayanta tana jan carbi, mu kuma muna tsaye, domin bas ba ta tashi ta bar mutum ɗaya.

Kafin a warware nata, sai ga na motar. Mutane da yawa ba su san cewa ita ma bas tana da nata takardun tsallakawa ba: inshorar da ƙasar da za a shiga ta yarda da ita, izinin shigar da mota na ɗan lokaci, da jerin sunayen fasinjoji. Wanda ke buga wa motoci hatimi ya riga ya rufe taga ya tafi gida. A cikin motar muka kwana, sauro ya yi biki. Awa tara ta koma ashirin da biyu, kuma ko faci ba mu yi a hanya ba.

Ba yarjejeniya aka rasa ba. Tun 1979 ƙungiyar ECOWAS ta amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga wata ya yi kwana 90 babu biza. Sai dai ɗauke biza daban, ɗauke layi daban. A Turai ma an sa hannu kan yarjejeniyar Schengen, ta buɗe iyakoki tsakanin ƙasashen da suka shiga, a 1985, amma sai 1995 aka fara cire shingayen a aikace.

Ɗaya daga cikin baƙinku ya yi magana kamar da zarar an shimfiɗa dogo an gama. Ina ma haka ne. Layin da ya haɗa Sin da Laos sabo ne fil, an buɗe shi a Disambar 2021, kuma a Afrilun 2023 jirgin fasinja ya fara zirga-zirga tsakanin Kunming da Vientiane. Da aka fara, tafiyar awa goma da rabi ce, kuma kusan uku daga ciki a tashoshin iyaka biyu ake cinye su, Mohan da Boten, inda fasinja ke sauka da kayansa a duba shi a nan, a sake duba shi a can. Jirgi na zamani, amma tsarin dubawa irin na bas ɗinmu.

Ka kwatanta da jirgin Eurostar tsakanin Landan da Paris, wanda ya fara aiki a 1994. Birtaniya ba ta taɓa shiga Schengen ba, don haka ana duba fasfo, ba sassauci. Dabarar kawai ita ce jami'an ƙasashen biyu suna zaune a tasha ɗaya, wadda za ka tashi daga cikinta. Ka wuce na wannan, taku kaɗan ka wuce na wancan, ka shiga jirgi. Awa biyu da 'yan mintuna kana tsakiyar ɗaya birnin, ka sauka ka kama gabanka. Ba wanda ya sarayar da ikon ƙasarsa, teburi kawai aka matso da shi.

Dogo yana da wata matsalar da mota ba ta sani ba, ita ce faɗin layi. Yawancin duniya tazarar ƙarafan biyu milimita 1,435 ce, amma Rasha da ƙasashen da suka gaji tsarinta, har da Mongoliya, suna kan 1,520. Shi ya sa a garin Erlian, kan iyakar Sin da Mongoliya, ake ɗaga taragai sama da manyan jak, a zare ƙafafunsu a sa wasu, aikin da ke cin awowi. Bambancin bai kai tsawon tafin hannu ba, ga shi yana tsayar da jirgi guda.

Sannan a ina layin yake ƙarewa? Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo ne daga inda ake haƙo ma'adinai ko noma amfanin gona zuwa bakin teku, haɗa maƙwabci da maƙwabci bai dame su ba. Layin da ya tashi daga Abijan sunansa Abijan zuwa Neja, ya isa Wagadugu a 1954, har yau bai ga kogin Neja ba. Ko layin TAZARA, da Sin ta gina wa Tanzaniya da Zambiya aka buɗe a 1975, mai tsawon kilomita 1,860, daga Darussalam yana tsayawa ne a garin Kapiri Mposhi na Zambiya. Mai zuwa Lusaka, babban birnin ƙasar, yawanci sai ya nemi mota ya ƙarasa kusan kilomita 200. A nan dole in yi wa bas adalci: duk wahalarta, tana kai ka cikin garin da ka nufa, kuma in hanya ɗaya ta lalace direba ya san wata.

Ita ma bas ana iya rage mata azaba ba tare da an sayi ko ƙusa ɗaya ta dogo ba. A 2009 Zambiya da Zimbabuwe suka mayar da mashigar Chirundu, a kan kogin Zambezi, wurin tsayawa sau ɗaya: jami'an ɓangarorin biyu a gini guda, ka tsaya sau ɗaya maimakon biyu. Da irin wannan tsarin muka tarar a daren nan, kuma da tagar hatimin motoci ba ta rufewa da magariba, da a gado muka kwana.

Roƙona, Malam Edita, idan wani minista ya sake zuwa ɗakin shirinku da taswira yana ƙirga kilomita, wakilinku ya tambaye shi a ina za a buga fasfo, sau nawa fasinja zai sauke kayansa, kuma ƙarfe nawa ofishin iyaka ke rufewa. In da hali ma, ku sayi tikiti ku tura wakilin ya bi bas ɗin dare da kansa, ya riƙe agogo daga lokacin da yaron mota ya ce a sauka har zuwa lokacin da ya ce a hau.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai sauraronku na kullum