Abba, kafin ka hau titi da Fijon nan

Assalamu alaikum Abba. Na yi ta kiranka ba ka ɗaga ba, shi ya sa na sa ƙanwarka take rubuta maka, don Allah ka karanta har ƙarshe.

Kawunka ya zo Agege jiya yake ce min kun gama haɗa injin 504 ɗin, ring da fistin duk sababbi daga Ladipo, kasuwar kayan mota, har ta tashi. Alhamdulillahi na ji daɗi. Amma ya ce da ya leƙa cikin bonet ya ga tiyo ɗaya an cusa masa ƙusa a baki, wani kuma yana ta reto, wai yaron garejin ya ce ba su da amfani. Kuma wai da ita za ka kwashi iyalinka zuwa gida da Sallah. Tun da na ji haka ban rintsa ba.

Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, ba su taɓa sa tiyo don ado ba. Mai kaurin nan da ya fito daga wajen da ake zuba baƙin mai, ta nan hayaƙin da ya zarce ta gefen ring yake fita ya koma iya kilina, ka toshe shi sai iskar ta nemi hanya ta oyil sil da gasket, sabon inji ya kama yoyon mai. Siririn kuma daga kafireta zuwa distiributa yake, in babu shi mota ta dinga shan fetur, in kuma aka bar bakinsa a buɗe silo, wato bugun inji in mota na tsaye, ba zai zauna ba. Wannan duk asarar kuɗi ce, kuɗi kuwa ana samu.

Na birki ne ya hana ni sukuni. Wanda ya taso daga manifol, hanyar da inji yake zuƙar iska, ya shiga busta, tulun da yake ƙara wa birki ƙarfi. Ba kowane tiyo ake sawa a wurin ba, na ruwa in ya ji zafi iska ta zuƙe shi sai ya manne, dole mai tauri mai zare a ciki, da kilif baki biyu, kuma kar ya taɓa ƙarfen salansa. Akwai ɗan bawul a hanyar, gefe ɗaya yake barin iska, daga busta zuwa inji. Aka juya shi ko tiyon ya tsage, za ka taka birki ka ji shi kamar dutse, motar kuwa tana tafiya, ga danfo ya ci birki a gabanka a gangarar gada, ga yara a baya. Ka san abin da ya sami baffanka a hanyar Mokwa, ni na je na ɗauko shi, ba labari aka ba ni ba.

Gwajin ba wuya. Ka kashe inji, ka yi ta taka birki har ya yi tauri, ka bar ƙafarka a kai ka tayar. In feda ta ɗan nutsa to busta na aiki. In ba ta motsa ba kar motar nan ta fita daga garejin, ban yarda ba.

Na san kana cewa Baba ya cika takura, komai yanzu yana YouTube. To mai YouTube ɗin ne zai zauna da matarka a asibiti? Wai har yaron da bai kai motar shekaru ba shi za ka saurara ka ƙi ɗaga wayata. Shekarun da na hana ka makullin nan kana fushi har ka daina cin abinci a gidan, ba rowa ba ce, gaggawarka na gani, kuma har yau ina ganinta.

Amma ka yi ƙoƙari wallahi, motar da kowa ya ce a sayar wa 'yan gwangwan ka tashe ta, Allah ya yi maka albarka. Ka ɗauki hoton cikin bonet ta gefen kafireta da ta gefen busta ka turo wayar ƙanwarka yau ɗin nan. Ran Asabar zan sa kawunka ya kawo ni, ko da ƙafar ba ta saki ba, mu bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya. In za ka Ladipo ka tafi da tsohon bawul ɗin a hannu don kar su ba ka na wata mota. Innarka tana gaishe da mutanen gidan.

Babanka