Zuwa ga Auwalu, kan maganar agogon kwamfutar nan

Salamu alaikum mutumina, ya karatu ya sanyin Turkiyya? Mu nan Kano rana ce kawai ke gasa mu. Su Umma na gaishe ka.

Na ga saƙonka wai furogiram ɗinka ya auna aiki sai ya nuna ya gama tun kafin ya fara. Ba aljanu ba ne malam, agogon da ka tambaya ne matsalar. Idan ka kira clock_gettime da CLOCK_REALTIME, abin da Linux zai ba ka shi ne adadin sakan tun daga 1 ga Janairu 1970 a lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, kuma wannan agogon ana taɓa shi, NTP, tsarin da ke daidaita agogon kwamfuta, na iya gyara shi daga intanet kana tsakiyar aiki, ko mai kwamfutar ya mayar da shi baya da hannunsa, kai kuma ka ɗebe lokacin farawa daga lokacin gamawa ka ga shirme. In tsawon aiki kake aunawa sa CLOCK_MONOTONIC, shi ba ya komawa baya kuma ba mai saita shi, amma fa bai san yau wace rana ba ce.

Saitawa kuma da clock_settime ake yi, sai kana da ikon root, wato na babban mai kula da kwamfutar, in ba haka ba EPERM zai jefo maka, wato ba ka da izini. Ni dai ba na son a tsallakar da agogo lokaci guda a kan saba (server, kwamfutar da ke yi wa wasu hidima), gara adjtime ya riƙa jan sa a hankali har ya daidaita.

Kwanaki wani yaro ya kawo min laptop ɗin da ya saya a Beirut Road, ya ɗora Windows da Ubuntu tare, kullum in ya koma Windows sai ya ga agogo ya yi baya da awa ɗaya cif, har an karɓi kuɗinsa an canza masa ɗan batirin agogon, CR2032, a banza. Ubuntu ne ke rubuta UTC a agogon cikin injin, Windows kuma ya ɗauka lokacin gida ne, mu kuwa awa ɗaya muke gaba da UTC. Kai a can da awa uku za ka gani.

Sannan don Allah duba time_t ɗinka, wato inda furogiram ke ajiye adadin sakan ɗin nan, in mai 32-bit ne ranar 19 ga Janairu 2038 zai cika ya juye zuwa 1901.

Turo min kod ɗin ta WhatsApp in duba in an kawo wuta. Yaushe za ka shigo, Babbar Sallah?

Naka,
Nasiru