Godiya ga ma'aikatan lambun Painshill

Salam jama'a. Godiya nake son miƙawa a fili ga masu kula da lambun Painshill da ke Cobham a yankin Surrey, musamman wata dattijuwa ƴar sa-kai da muka tarar a bakin kogon nan nasu mai ƙyalli.

Hajiyarmu ce ta zo Ingila ganin jikoki, ga ciwon gwiwa, kuma tun zuwanta duk inda muka kai ta sai rai ya ɓaci, ka biya tikiti mai ɗan karen tsada a bar ka da matakala, ka tambayi inda tsohuwa za ta ɗan zauna a yi maka kallon ka cika fitina, wani wurin ma hijabinta suka tsaya kallo. Da ƙyar ta yarda ta sake fitowa.

Wallahi matar nan tana hango mu ta taro mu, ta kama hannun Hajiya suna takawa a hankali ta lungun mai duhu-duhu har babban ɗakin, inda hasken tafki ke shigowa ta kafofi yana rawa a jikin duwatsu. Hajiya ta ce ikon Allah! Da na fassara mata sai ta yi dariya ta ce ai aikin magina ne, bulo ne a ciki, tsinayen da ke rataye daga sama kuwa katako ne aka shafe da kwaɓin farar ƙasa aka liƙa ƙananan duwatsu masu ƙyalli da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wani Charles Hamilton ne ya fara lambun a 1738, bashi ya yi masa katutu ya sayar a 1773. Hajiya ta ce mutumin da har kogo sai da ya gina, ina bashi zai bar shi? Daga baya aka kwashe dalmar rufin ya rufta, sai 2013 aka gama gyara. Duk wannan bayanin ba gaggawa, tana jira in gama tafinta kafin ta ci gaba. Allah Ya saka mata da alheri.

Shayinsu ma ba laifi.

Abin haushin, waɗancan wuraren sun fi Painshill suna da kuɗi amma benci ɗaya ya gagare su. Namu na gida kuwa kar ma a tona, ka yi doguwar tafiya ganin wurin tarihi, mai gadi ya ce maka mai makullin bai zo ba.