Wasiƙa zuwa ga aminina a Yamai kan batun sauya burauza

Kano, Najeriya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da dukkan mutanen gida, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci abin da kake nema. Ka ce kana so ka bar Chrome a kwamfutarka ta gida da ta ofis da wayoyinka biyu, amma kana tsoron rasa kalmomin sirrin da suka taru a ciki shekara da shekaru, sannan har yanzu kana waswasi tsakanin Brave da Firefox. Na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake da in aiko da saƙon murya, domin akwai matakan da za ka so ka dawo ka duba a lokacin da kake aikin.

Abu na farko da ya kamata ka sani, Malam, shi ne yawancin burauzocin da ake tallata mana, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, kamar motoci ne masu fenti daban-daban amma inji ɗaya. Google ya fitar da Chrome a 2008, ya kuma bar tushensa mai suna Chromium a buɗe ga duk mai son yin gini a kansa. Opera ta watsar da nata injin ta koma kan Chromium a 2013, Microsoft ya bi sahu da sabuwar Edge a farkon 2020, haka nan Brave da Vivaldi da Samsung Internet duk a kansa aka gina su. Wannan ba aibu ba ne, kuma Brave tana toshe talla da kanta ba tare da an ƙara mata komai ba, sauyawa zuwa gare ta kuwa ya fi sauƙi saboda komai nata ya yi kama da abin da ka saba. Sai dai idan abin da ke damunka shi ne kamfani ɗaya ya riƙe akalar yadda shafukan intanet suke aiki, to manyan injunan da suka rage a wajen Chromium biyu ne kacal: Gecko na Firefox da WebKit na Safari.

Ni Firefox na zaɓa, kuma dalilina ƙarami ne, ba wata babbar aƙida ba. Akwai wata 'yar manhaja da ake ƙara wa burauza mai suna uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya rubuta, tana hana tallace-tallace da masu bin diddigin mutum sauka tare da shafi. Daga 2024 Google ya fara janye tsohon tsarin da irin waɗannan manhajoji suke dogara da shi, ya maye gurbinsa da wanda ake kira Manifest V3, abin da ya sa cikakkiyar uBlock Origin ta daina aiki a Chrome, sai wata raguwarta mai ƙarancin iko. Firefox ta ci gaba da karɓar tsohon tsarin, kuma a wayar Android ma tana yarda a ƙara mata wannan manhaja, abin da Chrome na waya bai yarda da shi ba. Ga mutumin da ke sayen data da guminsa, irina da irinka, tallar da ba ta sauka ba kuɗi ne ya tsira. Amma kada in ɓoye maka, mafi yawan kuɗin shigar Mozilla, wato masu Firefox, daga Google ɗin yake fitowa, a matsayin ladan sanya shi injin binciken da burauzar ke zuwa da shi. A shari'ar da aka yi wa Google a Amurka, wadda alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncinta a watan Agusta na 2024, an bayyana cewa Google ya biya kamfanoni dala biliyan 26.3 a shekarar 2021 kaɗai domin samun irin wannan matsayi. Saboda haka idan ka koma Firefox ka bar injin bincike yadda ka same shi, tambayoyinka wurin Google za su ci gaba da zuwa, sai ka shiga saituna ka sauya da hannunka idan kana so.

Yanzu ga ainihin aikin, kuma a nan ne nake roƙon ka bi tsarin da zan faɗa maka. Ka fara da kwamfutar gida, kada ka fara da waya. Dalili kuwa shi ne burauzar kwamfuta ce take da ƙofar kwaso kaya daga tsohuwa: da zarar ka ɗora ta, za ta tambaye ka ko kana so ta ɗauko shafukan da ka ajiye, da tarihin wuraren da ka ziyarta, da kalmomin sirri. A waya babu irin wannan sauƙi, domin kowace manhaja a killace take, ba ta leƙa cikin 'yar'uwarta. Idan komai ya zauna daidai a kwamfuta, daga can zai gangaro wayoyin da kansa.

Kalmomin sirri su ne wurin da ake buƙatar natsuwa. Wani lokaci sabuwar burauza ba ta iya ɗauko su kai tsaye, sai ka shiga ma'ajiyar kalmomin sirri ta Chrome ka fitar da su a fayil irin na CSV, sannan ka shigar da fayil ɗin cikin Firefox. Wannan fayil ba shi da makulli ko kaɗan. Duk wanda ya buɗe shi zai ga sunan kowane shafi, da sunan da kake shiga da shi, da kalmar sirrin a rubuce ƙuru-ƙuru, tun daga imel har banki. Don haka kada ka tura wa kanka shi ta WhatsApp ko ta imel, kada ka ɗora shi a filas ɗin da kake kai wa masu buga takardu, kuma da zarar ka tabbatar komai ya shiga, ka goge shi, ka bi shi kwandon shara na kwamfutar ka sake gogewa. Ka kuma sani cewa sabon nau'in makullin da wasu shafuka suke ba da damar shiga da zanen yatsa ba ya bin wannan fayil, yana nan a asusunka na Google. Haka kuma duk shafukan da ka daɗe kana ciki ba tare da an tambaye ka komai ba, yanzu za su ɗauke ka baƙo, su nemi ka sake shiga, da yawansu kuma za su aiko da lambar tabbatarwa ta saƙon tes. Na san akwai asusun da ka buɗe da layinka na Najeriya tun kana nan Kano, to ka tabbata layin yana raye kuma yana karɓar saƙo a can kafin ka fita daga ko'ina a tsohuwar burauza.

Bayan wannan sai ka buɗe asusun Mozilla, ka kunna daidaita bayanai, wato tsarin da ke sa abin da ka ajiye a na'ura ɗaya ya bayyana a sauran. A waya za ka sauke Firefox, kwamfutar ta nuna maka lambar QR, ka haska ta da kyamara, shi ke nan sun haɗu. Tsarin nasu yana kulle bayananka tun a cikin na'urarka kafin su tafi, kuma makullin daga kalmar sirrin asusun ake samar da shi, ta yadda Mozilla kanta ba ta iya karanta abin da ka ajiye. Wannan kariya tana da nata tsadar: idan ka manta kalmar sirrin ka nemi sabuwa, abin da ke ajiye a wurinsu zai tafi, sai dai abin da ya rage a wata na'urar taka. Maganin haka shi ne makullin ceto da suke bayarwa a cikin saitunan asusun. Ka karɓe shi a ranar farko, ka rubuta shi da biro a takarda, ka ajiye shi inda kake ajiye takardun gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwamfutar ofis kuwa, shawarata ita ce kada ka haɗa ta da wannan asusu. Ba taka ba ce, mai kula da na'urorin ma'aikatar yana iya shiga cikinta, kuma ranar da aka sauya maka wurin aiki wani ne zai gaje ta. Idan sun yarda ka ɗora Firefox, ka ɗora ta don aikin ofis kawai. Idan kuma dole ne ka haɗa, akwai inda ake zaɓar abin da za a daidaita, sai ka bar shafukan da ka ajiye, ka cire kalmomin sirri.

A wayarka ta Android, saukewa kaɗai ba ta isa ba, sai ka shiga saitunan wayar, sashen manhajoji, ka zaɓi Firefox a matsayin wadda za ta riƙa buɗe mahaɗai. A can kusa kuma akwai wurin zaɓar wanda zai riƙa cika kalmomin sirri a cikin sauran manhajoji, wanda yanzu yake hannun Google, kana iya miƙa shi ga Firefox domin kada ma'ajiyarka ta rabu gida biyu, kana sauya kalma a nan tsohuwar tana can. Chrome ba ya goguwa a yawancin wayoyin Android domin da shi suka zo, iyakaci ka dakatar da shi. Za ka kuma lura cewa Facebook da Instagram suna buɗe mahaɗai a cikin tasu burauzar ta ciki ko da ka sauya, sai ka taɓa ɗigo uku na sama ka ce a buɗe a waje. Windows ma tana da irin wannan hali, abin da ka nema ta akwatin binciken da ke ƙasan allo a Edge yake buɗewa.

Labarin iPhone ɗinka daban ne. Tun fitowar iOS 14, wato tsarin da iPhone ke aiki da shi, a 2020 Apple ya yarda mutum ya zaɓi wata burauza ta zama ita ce ta kullum, amma ƙa'idarsa ita ce kowace burauza ta yi aiki da WebKit. A 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta masa sassautawa a ƙasashenta, Nijar da Najeriya kuwa ba sa ciki. Ke nan Firefox da za ka ɗora a iPhone injin Safari ne a cikinta, kuma uBlock Origin ba ta aiki a can. Amfanin Firefox a iPhone ɗaya ne, amma ba ƙarami ba: kalmomin sirrinka da shafukanka za su same ka a can, kuma kana iya tura shafi daga kwamfuta zuwa waya ka ƙarasa karatu a hanya.

Akwai abin da za ka yi kewarsa, gara in faɗa maka tun yanzu. Chrome yana fassara shafi ta hanyar Google Translate, wanda ya karɓi Hausa tun 2013. Firefox tana da nata mai fassara tun 2023, wanda yake aiki a cikin na'urarka ba tare da aika shafin ko'ina ba, kuma yana iya Faransanci da Ingilishi, abin da zai yi maka amfani a aikinka, amma Hausa ba ta cikin harsunansa a lokacin da nake rubuta wannan wasiƙa. Sannan akwai shafukan wasu hukumomi da makarantu da bankuna waɗanda maginansu ba su gwada su a ko'ina ba sai a Chrome, za ka ga maɓallin biyan kuɗi ya ƙi dannuwa ko fom ya ƙi tafiya. Kafin ka ɗora laifin a kan burauza, ka kashe mai toshe talla a wannan shafin ka sake gwadawa, domin sau da yawa shi ne ya tare wani abu. Idan ya ƙi, ka buɗe shi a Chrome. Saboda wannan ne nake cewa kada ka cire Chrome daga kwamfutar, kuma kada ka yi gaggawar goge kalmomin sirrin da ke asusunka na Google, ka bar su har sai ka shiga kowane muhimmin shafi da sabuwar burauzar ka ga ya buɗe.

Ka tambaye ni batun Opera Mini da kake amfani da ita idan ka je ƙauye. Ka riƙe ta don karanta labarai inda sabis ba shi da ƙarfi, domin a tsarinta na matse data sosai shafin yana fara bi ta manyan kwamfutocin kamfanin, a rage masa nauyi, sannan ya iso wayarka. Amma saboda wannan ratsen da shafin yake yi, ni ba na shiga banki ko imel da ita, kuma ba na ba ka shawarar ka ajiye kalmomin sirri a cikinta.

Idan ka gama da kwamfutar gida, ka rubuto mini kafin ka taɓa wayoyin, ka faɗa mini ko adadin kalmomin sirrin da Firefox ta nuna ya yi daidai da na Chrome, domin idan akwai gibi a nan ne ya fi sauƙin gyarawa. Ka isar da gaisuwata ga uwargida da yara, ka kuma gaishe mini da Baba da jiki, Allah Ya ƙara masa sauƙi.

Wassalam,
Naka amini har kullum.