Saukar ɗan Adam a duniyar wata: a bar shaci-faɗi, a dubi hujja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da takan tashi a majalisun hira da shafukan sada zumunta duk lokacin da aka ambaci tafiyar Amurkawa zuwa duniyar wata. Maganganu biyu nake yawan ji, kuma abin mamaki, sau da yawa daga baki ɗaya suke fitowa. Ta farko ita ce wai babu wanda ya taɓa taka wata, fim ne kawai aka shirya a cikin wani ɗaki. Ta biyu kuwa wai Neil Armstrong, Ba'amurken da ya fara taka wata, ya ji kiran salla a can, ya dawo ya musulunta. Yadda mutum zai ji kiran salla a wurin da aka ce bai je ba, wannan sai masu maganar su warware mana.

Ta biyun ba ta buƙatar dogon bayani. Armstrong da kansa ya musanta labarin tun yana raye, har ma a 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a kan haka. Ban da wannan, babu iska a duniyar wata, sauti kuwa ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi, shi ya sa 'yan sama jannatin ke magana da juna ta rediyo ko da suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Addininmu bai rasa hujjoji ba balle a jingina shi da labarin ƙanzon kurege, kuma an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yaɗa shi.

Maganar farko ce ta fi damuna, domin har a bakin masu ilimin boko nakan ji ta. Wanda zai yi hukunci a kan wannan al'amari ya kamata ya fara tuna halin da duniya ke ciki a lokacin. Tarayyar Sobiyet ce ta riga kowa harba tauraron ɗan Adam, Sputnik, a watan Oktoba na 1957, kuma ita ce ta fara kai mutum sararin samaniya lokacin da Yuri Gagarin ya kewaya duniya cikin minti 108 a ranar 12 ga Afrilu, 1961. Zafin wannan kaye ne ya sa Shugaba Kennedy ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsa a ranar 25 ga Mayun shekarar, ya ɗauki alkawarin kai mutum wata da dawo da shi lafiya kafin shekarun 1960 su ƙare, alhali a lokacin Ba'amurke ɗaya ne tak ya taɓa leƙa sararin samaniya, shi ma na kimanin minti 15. Ke nan gasa ce tsakanin abokan gaba biyu masu sa wa juna ido dare da rana. A makon da Apollo 11, kumbon Amurka da ya fara saukar da mutum a can, ya isa wata, Sobiyet na da nata kumbon marar matuƙi, Luna 15, yana kewaya watan da nufin ɗebo ƙasa ya riga Amurkawa dawowa, sai ya faɗi ya tarwatse a ranar 21 ga Yuli, 1969, Armstrong da abokin tafiyarsa Buzz Aldrin na can ba su baro ba tukuna. Da a ce yaudara ce, mahukuntan Mosko ne za su fara tona asirin, su yi ta yayatawa har duniya ta gaji da ji. Ba su taɓa musantawa ba.

Kuma nasarar ba a dare ɗaya ta zo ba. A ranar 27 ga Janairu, 1967, gobara ta tashi cikin kumbon Apollo 1 ana tsakiyar gwaji a ƙasa, ta halaka Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee, abin da ya tilasta sake fasalin kumbon tare da dakatar da tashin mutane har zuwa Oktoban 1968. Daga nan aka riƙa tafiya taki-taki: Apollo 8 ya kewaya wata sau 10 a Disambar 1968 ba tare da sauka ba, Apollo 10 ya matso har kusan kilomita 15 daga doronsa ya juyo, sannan Apollo 11 ya tashi ranar 16 ga Yuli, 1969, ya sauka ranar 20. Saukar ma da ƙyar da jiɓin goshi aka yi ta, domin kwamfutar kumbon ta yi ta buga ƙararrawa, wurin da ta nufa kuma cike yake da manyan duwatsu, sai da Armstrong ya karɓi tuƙi da hannunsa ya nemi fili, man da ya rage musu bai fi na minti ɗaya ba. Shi kuwa na ukunsu, Michael Collins, wanda ba a cika tunawa da shi ba, yana sama shi kaɗai yana kewaya wata yana jiran su. Bayan wannan an sake sauka sau 5, mutum 12 ne jimillar waɗanda suka taka wata zuwa Disambar 1972, kuma a tsakani tankin iskar oksijin na Apollo 13 ya fashe a hanya a Afrilun 1970, mutanensa uku suka sha da ƙyar. Mai shirya ƙarya sau ɗaya yake yi ya tsira da mutuncinsa, ba ya maimaita ta sau 6 a gaban duniya, da hannun ma'aikata kusan 400,000, a ce har yau asirin bai tonu ba.

Ga wanda ya ce gani ya kori ji, akwai abin gani. An dawo da duwatsu da ƙasar wata masu nauyin kilo 382, masana a ƙasashe da dama sun yi shekaru suna nazarin su, an kuma gwada su da ɗan abin da kumbon Sobiyet, Luna 16, ya ɗebo a 1970, wanda bai wuce giram 101 ba. Akwai madubai na musamman da aka girke a can, waɗanda har gobe masu bincike ke haska musu hasken leza daga nan duniya, hasken ya je ya dawo cikin kimanin daƙiƙa biyu da rabi, da haka ake auna tazarar kusan kilomita 384,000 da ke tsakaninmu da wata. Tun daga 2009 kuma wani kumbo mai kewaya wata yana ɗauko hotunan wuraren saukar, ana ganin ƙafafun kumbunan da aka bari da sawun da mutanen suka bi.

Tutar da ake cewa tana kaɗawa, sanda aka zura a samanta domin ta miƙe. Taurarin da ba a gani a hotuna kuwa, duk mai ɗaukar hoto ya san kyamarar da aka saita don hasken rana ba ta kama abu mai dishi-dishi. Tambayar da ta fi nauyi ita ce me ya sa aka daina zuwa, amsarta kuma kuɗi ne da siyasa: shirin ya ci kimanin dala biliyan 25 na wancan zamani, da aka ci gasar sai majalisa ta tsuke bakin aljihu, aka soke tafiye-tafiye uku da aka riga aka tsara.

Abin da ya fi ba ni takaici, Malam Edita, shi ne muna musun tarihin da ƙasarmu ke da hannu a cikinsa. A farkon shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa tashoshin bibiyar kumbo a sassan duniya, ɗaya daga cikinsu a Kano take, ta kuma yi aiki a shirye-shiryen Mercury da Gemini waɗanda suka share fagen zuwa wata. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ke kewaya duniya, ya yi magana da tashar Kano, ya shaida musu yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka amsa masa cewa kwanakin nan ana fama da iska. Duk wanda ya san hunturun Arewa ya san abin da ya gani. A Agustan 1963 kuma Kennedy ya zanta da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta waya ta hanyar tauraron Syncom 2, ta wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar jiragen ruwa ta Legas.

Saboda haka ina roƙon wannan jarida ta tura wakilinta ya binciko mana labarin tashar nan ta Kano, ya nemi dattawan da suka yi aiki a cikinta ko suka zauna kusa da ita, ya ɗauki bayaninsu da hotunan abin da ya saura na wurin, a buga mana da Hausa tun masu shaidar suna raye.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano