Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Wasan Harbi

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa mambobi maza da mata, ga bayanin abin da muka gudanar a bana daga ofishin Sakatare.

Atisayen ranar Asabar bai yanke ba sai a makonnin sallah. A watan azumi mun mayar da shi da sassafe, kafin rana ta yi zafi. An gyara fitilun ɗakin harbi, an duba tukwanen iskar da bindigoginmu ke aiki da ita, an kuma sayo harsashin dalma mai milimita 4.5 da kuɗin wata-wata da kuke biya. Waɗanda ake bi bashi, don Allah su ga Ma'aji.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne na natsuwa, kuma ga mafarinsa. A gasarmu ta cikin gida ta farkon shekara, wani matashinmu da ya saba zuba goma-goma a atisaye ya samu maki tara. Ina tsaye a bayansa. Ya ɗago kai ya kalli maki, ya waiwaya wajen mahaifinsa da ke zaune a baya, ya goge tafin hannu a wando. Daga nan yatsansa ya koma fizgar kunama maimakon matsa ta a hankali, harbin da ya biyo baya duk ya watse. Bindigarsa lafiya lau take. Hankalinsa ne ya maƙale a harsashin da ya riga ya tafi.

Ban ga laifinsa ba. A harbin bindigar iska na mita 10, ɗigon tsakiyar allon da ake harbi, wanda ke ba da maki goma, faɗinsa rabin milimita ne, ga harbi 60 da za a yi a tsaye cikin minti 75. Bugun zuciya kaɗai ya isa ya kautar da bakin bindiga. Ko manya ba su tsira ba. Koci ya tuna mana da Matthew Emmons na Amurka, wanda a gasar Olamfik ta 2004 a Athens yana kan gaba, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare, sai ya harbi allon maƙwabcinsa. Aka ba shi sifili, ya faɗo na takwas. A Beijing a 2008 ma yana gaba, harbinsa na ƙarshe ya ba shi 4.4, ya ƙare na huɗu.

Tun daga lokacin kowane mamba ya tsara wa kansa jerin abin da zai yi kafin kowane harbi, ba ya canza shi: gyara tsayuwa, duba lambar allo, jan numfashi, sakin rabinsa, matsa kunama, sannan ci gaba da kallon saiti bayan harsashi ya fita. Wanda ya ji ya daɗe yana saiti hannu ya fara rawa, ya sauke bindiga ya sake daga farko, babu kunya a ciki. Mun kuma hana leƙa maki sai an gama zagaye.

Abin da ya jawo muhawara shi ne atisaye cikin hayaniya, inda ake kunna rediyo, wasu na tafi, wasu na hira. Wasu iyayenmu sun ce wannan ya saɓa wa ladabin ɗakin harbi, kuma muna girmama ra'ayinsu. Amma ni dai ina goyon bayan koci, domin a zagayen ƙarshe na manyan gasanni ana sa kiɗa, 'yan kallo na tafi. Wanda bai saba ba, ranar zai sha mamaki.

A gasar rufe shekara matashin nan ya sake samun tara. Wannan karon bai waiwaya ba. Ya sauke bindiga, ya ja numfashi, ya ɗaga ta, ya buga goma. Wallahi na ji daɗin wannan goma fiye da kofin da aka raba ranar.

A baɗi, in Allah ya kai mu, kwamiti na neman amincewarku a ware wa mata lokacin atisaye nasu, a kuma fara tara kuɗin allon lantarki, domin har yanzu da na takarda muke aiki. Za a kaɗa ƙuri'a kan duka biyun a taron shekara.

Sakataren ƙungiya